Dorugu: Yaron da ya ɗauki tatsuniyoyin ƙauyensu ya kai su Ingila

A shekarar 1856, a wani gida da ke kusa da garin Chatham a kudancin Ingila, wani dattijo Bajamushe mai wa'azin Kirista ya riƙa zama da alƙalami da takarda a gaban wani yaro Bahaushe ɗan kimanin shekara 16. Yaron yana magana, dattijon yana rubutawa. Cikin abin da yaron ke faɗa har da labarin kura da dila, da na Dodo, irin waɗanda ake yi wa yara bayan an ci tuwon dare don su zauna wuri guda kafin barci ya ɗauke su. Sunan dattijon James Frederick Schön. Sunan yaron Dorugu.

Waɗannan labarai suna cikin tatsuniyoyin Hausa na farko-farko da aka buga a littafi da haruffan boko. Wanda ya ba da su kuwa an raba shi da ƙauyensu tun yana ɗan shekara 11 ko kusa da haka, ya yi zaman bauta a Borno, ya je Tambutu ya dawo, ya ƙetare Sahara da teku. Duk abin da ya fito da shi daga gidan ubansa ya salwanta a hanya, in ban da abin da aka zuba masa a kunne yana ƙarami.

Dambanas da makarantar dare

An haifi Dorugu wajen shekarar 1840 a Dambanas, wani ƙauye kusa da Kance a ƙasar Damagaram, cikin Jamhuriyar Nijar ta yau. Sunan mahaifinsa Kwage, manomi ne kuma makaɗi. Sunan mahaifiyarsa Kande. Gida ne na talakawa, ba na malamai ko masu sarauta ba, don haka ilimin da yaro irinsa zai samu a farkon rayuwa bai wuce na gona da kiwo da kuma na hirar dare ba.

Hirar dare a ƙasar Hausa tana da tsari. Ba a yin tatsuniya da rana, har akan tsoratar da yara cewa mai yin ta da rana zai ɓata. Dalilin a fili yake, domin rana ta aiki ce. Idan dare ya yi, yara sukan taru a ɗakin wata tsohuwa ko amarya, ko a tsakar gida lokacin farin wata, sau da yawa ana kaɗi ko ɓarar gyaɗa. Akan fara da kacici-kacici don a wasa ƙwaƙwalwa. A tambayi yaro shanu dubu da maɗaurinsu ɗaya ne, ya gane tsintsiya ake nufi. A tambaye shi tsohon da ke cikin ɗaki gemunsa na waje, ya gane wuta ce da hayaƙinta. A tambaye shi ƙwaryar da aka wanke aka je da ita gabas aka je yamma ba ta bushe ba, ya yi ta lalube har ya faɗa kan harshen kare. Wanda ya kasa, sai ya ba mai tambaya gari kafin a faɗa masa amsa, mai tambaya kuma yana iya raina garin ya ce sai an ƙaro babba. Ta haka yaron da bai taɓa wuce kasuwar ƙauyensu ba yake haddace sunayen Kano da Katsina da Zariya da Sakkwato.

Bayan haka sai a shiga tatsuniya. Mai bayarwa ya buɗe da ga ta nan ga ta nanku, a amsa masa da ta zo mu ji ta, sannan Gizo da Ƙoƙi, ko kura da dila, ko 'yar bora da 'yar mowa su shigo. Abin lura a nan shi ne yaro ba ɗan sauraro ba ne kaɗai. Idan babba ya gama tasa, sai a zagayo kan ƙanana, kowa ya kawo tasa. Wanda ya tsallake wani wuri, 'yan'uwansa za su tare shi su gyara masa. Yawancin tatsuniyoyi kuma suna da maimaici, abu ɗaya ya faru sau uku ko huɗu da kalmomi iri ɗaya, wasu har da 'yar waƙa a tsakiya. Saboda haka kafin yaro ya kai shekara goma ya riga ya zama mai ba da labari, ya san inda ake farawa da inda ake tsayawa, ya san yadda kura ke magana da yadda dila ke amsa mata. Da wannan guzuri Dorugu ya bar Dambanas.

Daga Zinder zuwa Kukawa

A wancan zamani Damagaram tana ƙarƙashin daular Borno, kuma ƙauyukanta ba su da kwanciyar hankali. Baturen nan James Richardson, wanda ya zauna a Zinder a farkon 1851, ya rubuta yadda ake kai hari kan garuruwan da ke cikin ƙasar ita kanta a kamo mutane a sayar. Irin wannan ƙaddara ce ta faɗa wa Dorugu. Mahaya suka kama shi, aka raba shi da danginsa, aka kai shi Zinder, daga can aka wuce da shi Kukawa, babban birnin Borno, inda ya faɗa hannun wani Balarabe.

Kukawa birni ne da Shehu Muhammadu al-Amin al-Kanemi ya kafa a 1814. Rundunar Wadai ta rushe shi a 1846, sai ɗansa Shehu Umar ya sake gina shi gida biyu, na gabas inda Shehu da manyan fada suke, da na yamma inda talakawa da fatake suke. Babbar kasuwarsa tana ci ranar Litinin, kuma daga nan ayari ke tashi zuwa Murzuk da Tarabulus. Yaron da aka kawo Kukawa a matsayin bawa yana iya ƙarewa a kowane gari na bakin Bahar Rum. A nan Dorugu ya koyi Barbarci, harshe na biyu a bakinsa.

A daidai lokacin, Jamusawa biyu da gwamnatin Ingila ta aiko suna zaune a Kukawa. Ɗaya shi ne Heinrich Barth, wanda mutane suka sani da Abdulkarim. Ɗayan kuma Adolf Overweg, wanda ake kira Tabib, shi ne ya kewaya Tafkin Chadi cikin kwalekwalen da suka ɗauko gunduwa-gunduwa a kan raƙuma tun daga Tarabulus. Shugaban tafiyar tasu, Richardson, ya rasu a watan Maris na 1851 kafin ya iso birnin. Dorugu ya shiga hidimar Overweg yana kula da raƙuma, daga bisani Overweg ya fanshe shi ya 'yanta shi, shi da wani saurayi ɗan ƙabilar Margi mai suna Abbega. Ba a daɗe ba, a ƙarshen watan Satumba na 1852, zazzaɓi ya kashe Overweg a Maduwari, kusa da tafkin, yana da shekara 30. Sai Barth ya ɗauki yaran biyu.

Garuruwan wasa a zahiri

Ranar 25 ga Nuwamba, 1852, Barth ya tashi daga Kukawa ya nufi yamma, Dorugu da Abbega suna cikin ayarinsa. A ƙarshen Disamba suka sauka Zinder, garin da aka taɓa shigo da Dorugu a matsayin kamamme, suka yi fiye da wata guda. Daga nan sai Katsina, sai Wurno inda Barth ya gana da Sarkin Musulmi Aliyu Babba, sai Sakkwato, sai Gwandu. A watan Yuni na 1853 suka ƙetare kogin Kwara a Say. Ranar 7 ga Satumba suka shiga Tambutu, inda Shehu Ahmad al-Bakkay ya ba Barth mafaka daga masu neman ransa. Sun shafe watanni a can cikin zullumi kafin su sami hanyar juyowa a 1854. Suka biyo ta Sakkwato da Kano, suka isa Kukawa a watan Disamba.

Garuruwan da yaran Hausa ke bai wa juna a wasan kacici-kacici, Dorugu ya taka su da ƙafarsa kafin ya cika shekara 15. Aikinsa a tafiyar na yaron gida ne, ɗaukar kaya, hura wuta, kula da dabbobi. Amma idonsa a buɗe yake, kuma ya riƙe abin da ya gani bi da bi, zango bayan zango, kamar yadda ake riƙe tatsuniya.

A watan Mayu na 1855 suka bar Kukawa suka kama hanyar Sahara ta Bilma da Murzuk, suka isa Tarabulus a watan Agusta. Daga nan jirgin ruwa ya kai su Malta da Marseille, jirgin ƙasa ya ratsa Faransa da su, suka sauka Landan a farkon Satumba. Barth ya wuce da su Jamus, suka ga Hamburg, garin iyayensa, da Berlin. Hoton yaran biyu yana cikin littafin tafiye-tafiyen Barth mai juzu'i biyar, wanda ya fito a 1857 da 1858.

A gidan Schön

Niyyar Barth ita ce a mayar da yaran ƙasarsu, kuma an shirya hakan a farkon 1856. Sai Schön ya shiga tsakani, ya shawo kansu suka zauna a gidansa. Barth ya ji haushin wannan ƙwarai, ya ɗauke shi a matsayin ƙwace, kuma dangantakar mutanen biyu ba ta gyaru ba.

Dalilin naci irin na Schön sananne ne. An haife shi a Jamus a 1803, ya yi aikin mishan a Saliyo, ya shiga tafiyar binciken kogin Kwara ta 1841 tare da Samuel Ajayi Crowther. A Saliyo ya fara koyon Hausa daga bakin 'yantattun bayi, har ya fitar da ɗan littafin kalmomi a 1843. Rashin lafiya ya mayar da shi Ingila, ya zama limamin coci a wani asibitin sojan ruwa a Chatham. Bai taɓa taka ƙasar Hausa ba. Mutanen da ya koya wurinsu sun daɗe da barin gida, Hausarsu ta cuɗanya da wasu harsuna. Ga shi yanzu an kawo masa har ƙofar gida yaron da Hausa ce harshen uwarsa, wanda kuma bai daɗe da baro Kano da Katsina ba.

Abbega bai daɗe ba. An yi masa baftisma, ya koma Afirka a 1857, daga baya ya zama sarki a Lakwaja. Dorugu, wanda shi ma aka yi wa baftisma aka sa masa suna James Henry, ya zauna har shekara takwas. Ya koyi Turanci da karatu da rubutun boko, ya kuma zama ginshiƙin duk aikin Hausa da Schön ya yi a wannan tsakani, ciki har da littafin koyon karatu na 1857, da fassarar wasu sassa na Littafi Mai Tsarki, da littafin nahawu na 1862. Ƙamus ɗin Schön na 1876 ma ya ɗebi kaso mai yawa daga kalmomin da aka tara a zaman nan.

A nan ne tatsuniya ta nuna amfaninta. Mai nazarin harshe yana iya nuna tebur ko doki ya tambayi sunansa, amma ba ya samun yadda ake ƙulla zance ta wannan hanya. Idan kuma ya ba yaro jimlar Turanci ya ce ya juya ta, abin da zai samu Hausa ce mai ƙashin Turanci. Amma idan ya ce masa ya ba da labarin kura, yaron zai manta da takarda da alƙalami, ya koma tsakar gidan Dambanas. Sai ga yadda ake jera aukuwa da sai da kuma, ga yadda ake gaisuwa da roƙo da barazana, ga yadda ake kwaikwayon ƙarar faɗuwar abu, ga tambaya da amsa a bakin dabbobi. Dokokin nahawu da Schön ya daɗe yana lalube a duhu suna kwance a cikin labaran yara, kuma daga nan ya tsamo misalai masu yawa.

Abin da ya faɗa

Abin da Dorugu ya shibta wa Schön iri biyu ne. Na farko tatsuniyoyi da labarai, kamar na kura da dila, da na malam da dila, da na wata mace da 'yarta da karnukansu da Dodo, da na budurwa da samari huɗu, da na asalin birai. Wasu sun fito a ƙarshen littafin nahawu na 1862. Bahaushen yau da ya karanta su zai sha wahala da tsohon rubutun, domin a lokacin ba a daidaita ƙa'idar rubutun boko ba, ba a kuma bambanta haruffa masu lanƙwasa da marasa ita. Amma da ya karanta da murya zai gane su sarai, har ya ji ƙamshin Hausar Damagaram.

Na biyu shi ne tarihin rayuwarsa, tun daga Dambanas har Ingila. Wannan yana cikin mafi daɗewar tarihin kai da aka rubuta da Hausa. Barth ya rubuta wa Turawa yadda ya ga ƙasar Hausa, shi kuma Dorugu ya faɗa da Hausa yadda ya ga Turai, da jirgin ƙasa, da sanyi, da yadda masu hali ke zama cin abinci da cokula da wuƙaƙe, da yadda maza da mata ke mu'amala a wurin liyafa. Ya yi bayanin duka da idon baƙo mai lura, wanda al'adun masu masaukinsa ke ba shi mamaki, wani lokaci har da dariya. Salon kuwa na mai tatsuniya ne, gajerun jimloli, aukuwa na bin aukuwa, mutane suna magana da bakinsu, babu doguwar shimfiɗa.

An tattara waɗannan a littafin Magana Hausa, wanda ya fito a Landan a 1885, ɗauke da karin magana da tatsuniyoyi da gutsattsarin tarihi. Akwai gudummawar wasu mutane a ciki, amma ta Dorugu ce ƙashin bayansa. Charles Henry Robinson, malamin Hausa a Jami'ar Cambridge, ya sake fitar da shi a 1906, kuma jami'an mulkin mallaka da dama sun fara koyon Hausa da shi.

Schön ya sami lada a idon duniya. An ba shi kyautar Volney ta Faransa a 1877 saboda aikinsa a kan Hausa, Jami'ar Oxford kuma ta ba shi digirin girmamawa a 1884. Bai ɓoye sunan Dorugu ba, ya ambace shi a littattafansa. Sai dai sunan da ke bangon littafi shi ake tunawa, kamar yadda duk wanda ya taɓa rubuta wa maigidansa jawabi ko ya shirya masa takardar majalisa ya sani.

Tafinta, sannan malami

Dorugu ya komo Afirka a 1864. Lakwaja ce matattarar Turawa a bakin Kwara a lokacin, tun da Dokta William Baikie ya kafa zango a wurin, kuma mutumin da ya iya Hausa da Barbarci da Turanci, ga karatu da rubutu, ba ya rasa aiki. Ya shafe shekaru masu yawa yana tafinta tsakanin Turawa, 'yan kasuwa da jami'ai, da sarakunan ƙasa. Aiki ne mai nauyi da haɗari, domin kalma ɗaya da tafinta ya sassauta ko ya tsananta tana iya gyara zama ko ta ɓata shi. A cikin waɗannan shekaru ya ga yadda kamfanin ciniki ya zama hukuma, ya ga kafuwar mulkin Ingila a Arewa a 1900, da faɗuwar Kano da Sakkwato a 1903. Ƙasar da ya ratsa yana yaro a bayan raƙumin Abdulkarim ta sauya hannu a gaban idonsa.

A 1909 Hanns Vischer, wanda Hausawa suka laƙaba wa Ɗan Hausa, ya buɗe makarantar boko ta gwamnati a Nasarawa, bayan ganuwar Kano. Ana buƙatar mutanen da za su koyar da rubutun Hausa da haruffan boko, waɗanda suka iya kuwa ba su da yawa. Dorugu, wanda a lokacin ya kusa shekara 70, yana cikin waɗanda suka koyar a can. Rubutun da aka gwada a kan bakinsa a Chatham fiye da shekara 50 da suka wuce, shi ne ya zauna yana koya wa 'ya'yan Hausawa. Ya rasu a Nasarawa a 1912. Matar Vischer, Isabelle, ta ambaci rasuwarsa a littafinta na tunawa da zaman Arewa, har da tarin tabarau da ya bari.

Abin da ya biyo baya

A shekarun da ya rasu ne aka fara tattara tatsuniyoyin Hausa da yawa. Frank Edgar ya fitar da Litafi na Tatsuniyoyi na Hausa juzu'i uku tsakanin 1911 da 1913, daga rubuce-rubucen malamai na ajami. A 1913 R. S. Rattray ya buga waɗanda Malam Shaihu ya rubuta masa a ƙasar Gana ta yau. A ƙarshen shekarun 1930 Abubakar Imam ya rubuta Magana Jari Ce a Zariya, inda aku ke tsare ɗan sarki a gida da labarai dare bayan dare. A farkon shekarun 1970 Ibrahim Yaro Yahaya ya shirya Tatsuniyoyi da Wasanni, littafi shida, don 'yan makarantar firamare. Duk waɗannan manya ne da suka zauna suka tattara. Dorugu ya riga su da shekaru masu yawa, kuma shi yaro ne da ke faɗin abin da bai daɗe da ji ba.

Sunansa ya sake fitowa a 1971, lokacin da Anthony Kirk-Greene da Paul Newman suka fassara tarihinsa zuwa Turanci, Jami'ar Yale ta buga. Sun haɗa shi a littafi ɗaya da tarihin Maimaina na Jega, Sarkin Askira a kudancin Borno, wanda jikan Abbega ne. Ta haka Dorugu da jikan abokin tafiyarsa suka haɗu a takarda.

Borno tana da wani labari mai kama da wannan. A 1854 wani Bajamushe mai suna Sigismund Koelle ya buga littafin karin magana da tatsuniyoyin Barbarci, waɗanda ya rubuta a Saliyo daga bakin Ali Eisami, mutumin ƙasar Gazir da aka kama yana saurayi bayan faɗuwar Birnin Gazargamu, aka sayar da shi har bakin teku, jirgin Ingila ya kuɓutar da shi a 1818. Ke nan manyan harsuna biyu da ake ji a titunan Maiduguri a yau, tsofaffin littattafan tatsuniyoyinsu sun fito ne daga bakin mutanen da aka raba da gida da ƙarfi, waɗanda ba su tsira da komai ba sai abin da suka ji suna yara.

Kukawar da Dorugu ya sani Rabeh ya rushe ta a 1893, kuma a 1907 gadon sarautar Shehu ya koma Yerwa, wato Maiduguri. Tun daga 2009 rikicin Boko Haram ya kori iyalai masu ɗimbin yawa daga arewacin Borno, har da ƙaramar hukumar Kukawa, suka kwararo cikin birnin, wasu a sansanoni, wasu a gidajen dangi a unguwanni irin su Gomari da ke kusa da filin jirgin sama. Cikinsu akwai yaran da suka bar ƙauyukansu a shekarun da Dorugu ya bar Dambanas, ba littafi ba hoto. Kakar da ta tara su da dare ta jefa musu kacici-kacici, ko ta ƙirƙiro musu labarin kura don su daina kuka, tana ba su sunayen itatuwa da dabbobi da garuruwan da suka baro, da kuma harshen da za su riƙe su da shi.

Haka abin yake, ko da babu yaƙi, a gidan ma'aikacin da ke fita daga Kubwa ko Nyanya ko Mararraba kafin gari ya waye, ya dawo bayan isha'i ya tarar da yara sun yi shiru a kan waya, suna kallon zane mai motsi da harshen da ba na kakanninsu ba. Wayar tana sa yaro shiru, amma ba ta ce masa ya kawo tasa, ba ta kuma karɓar gari a hannunsa idan ya kasa. Hirar da Dorugu ya taso a cikinta ba ta ci kuɗi ba, kuma ba ta wuce ta ɗan lokaci kafin barci ba.

Gidan Ɗan Hausa yana nan a Nasarawa har yau, ana shiga ana kallo. Littafin Magana Hausa kuma yana cikin manyan ɗakunan karatu, an kuma ɗora shi a intanet. Wanda ya buɗe shi ya yi haƙuri da tsohon rubutun, zai tarar da kura tana ta faɗawa tarkon dila kamar yadda wani yaro ɗan Dambanas ya ji ana faɗa kafin shekarar 1851.